Igiyar Bayan Shago

Litinin, da hantsi

Yau shugabar makarantar 'yan mata ta zo shago da kanta, da buhu a bayan mota. Tunda muka buɗe ba a taɓa dawo mana da ɗinki ba sai yau. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce wa Uwar Shago yara suna kuka da ƙaiƙayi da ƙuraje a inda ba a faɗa, iyaye sun fara sintiri a ofishinta, kuma duk wadda aka tambaya ƙunzugunmu take sawa. Ragowar da ba a raba ba shi ne ta kwaso mana. Ta ce ba ta zargin kowa, amma labarin zuciya a tambayi fuska.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko na ga inda muka kuskure. Ƙunzugu muke ɗinkawa, irin wanda ake wankewa a sake sawa, don yarinyar da ba a iya saya mata audugar kanti duk wata ta daina zaman gida a ranakun al'adarta. Auduga mai laushi a sama, tawul a tsakiya, leda mai taushi a ƙasa don kada ya zuba, duk a haɗe da ɗinki ɗaya, sai kunnuwa biyu masu maɓalli da ke kama ɗan kamfai. Ni ce mai yanka. Duk wanda ya fita daga shagon nan ta bakin almakashina ya bi.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kafin mu ba kowa mu muka fara sawa a jikinmu, an fi shekara biyu, kuma ko sau ɗaya ban ga wata a cikinmu tana susa ba. Yaran ma tun rani aka raba musu, shiru, sai yanzu da ruwa ya sauka. Ruwa ba ya tsami banza. Ina son in san me ya tsama wannan.

Litinin, da yamma

'Yata Auta a makarantar take, ita ma an ba ta nata ƙunshin. Na tambaye ta ko ta ji labari a ajinsu. Ta ce ita ba ta sani ba, ta ci gaba da wanke kwanuka.

Laraba, bayan azahar

Matar ƙungiyar da ta ba mu aron kekunan ɗinki ta kira Uwar Shago. Magana ɗaya ce: in wata ya ƙare ba a gano kan abin ba, za su kwashe kekunansu su kai wani wuri, don sunansu ne a jikin kowane ƙunshi. Uwar Shago ta ajiye wayar a hankali kamar ƙwai. Ta ce mu rufe kekuna, za ta sa kwaɗo a shago har a ga abin da hali zai yi, gara a ce mun tsaya da kanmu da a ce an tsayar da mu.

Rediyo, kamar yadda muke kiran wadda ke kan keken bakin ƙofa, ta ce ita tun farko ba ta yarda da sabon yadin nan mai furanni ba, rininsa ne ke fita. Wannan Rediyon ce fa ta zaɓo yadin, har da rantsuwa babu irinsa a kasuwa. Na tuna mata, ta ce to ai mutum yana iya zaɓar abu bai yarda da shi ba, ga mijinta nan shaida. Dariyar da muka yi ke nan yau.

Amarya ba ta yi dariyar ba. 'Ya'yanta uku amma har yau Amarya muke ce mata, don da ƙyar ake jin muryarta. A gidan surukai take zaune, kuma keken nan shi ne kaɗai dalilin da ake barinta ta fito. Ta daɗe tana gyara zanen da ta rufe shi da shi.

Muka kwashe abin da ke kan igiyar bayan shago, kowa ta ɗauki nata, aka sa kwaɗo. Ni na yo guzurin ƙyallaye daga kowane irin yadi.

Alhamis, da safe

Na jiƙa ƙyallen mai furanni na ɗaure a damtsen hagu, tsohon yadi a na dama, leda a bayan gwiwa. In rini ne, jikina zai faɗa. Maigida ya dube ni zai fita aiki, ya ce ko in shiga motarsa ya riƙa nuna ni ga fasinja ana biyan kuɗin kallo. Na ce ya tafi kada ya makara.

Juma'a, da safe

Hannu lafiya lau, gwiwa lafiya lau. Ba yadi ba ne, Rediyo sai ta nemi wani abin zargi.

Asabar, bayan la'asar

Na je wajen malamar asibitin da ta duba wasu daga cikin yaran. Mace ce mai sauri, tana magana tana wanke hannu. Ta ce abin da ta gani ba mai wuyar magani ba ne, amma zai yi ta dawowa in ba a san daga inda yake zuwa ba. Ko sabulu ne ba ya fita, ko ana daɗewa ba a canza ba, ko danshi. Na ce ba ta tambaye su ba? Ta ce ta tambaya mana, kuma amsarsu ɗaya: «Muna jiƙawa da ruwan sanyi, mu wanke da sabulu, mu ɗauraye, mu shanya a rana.»

Na san maganar nan. Tamu ce. Ranar rabo Rediyo ce ta tsaya gaban allo ta sa su maimaita ta har da tafi. To yaran sun haddace, ba shakka. Amma duk yaran da za a tambaya a ce ko kalma ɗaya ba ta bambanta ba? Ko a gida ɗaya ba a wanki iri ɗaya. Na taho ina ta juya wannan a raina har na wuce kwanar gidanmu.

Lahadi, da hantsi

Yau sabulu na gwada. Na wanke ɗaya na ƙi ɗauraye shi da kyau, na sake ɗaurewa a damtse. Gidan haya muke, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, maza suna zaune a bakin ɗakunansu da rediyo. Sai da na ɗibi ruwa na shige banɗaki na yi wankin. Matar ɗakin kusa ta tambaye ni ko targaɗe na yi. Na ce e.

Litinin, da yamma

Gwajin sabulu ma bai nuna komai ba. Auta ba ta je makaranta ba. Ciwon kai.

Talata, bayan azahar

Magana ta shiga kasuwa. Wai wata yarinya tana kwance a babban asibiti saboda mu, wai har an ce ba za ta haihu ba. Na bi labarin baki zuwa baki kamar mai warwarar zare: mai tumatir ta ji daga mai gawayi, mai gawayi daga ƙanwar mijinta, ita kuma a mota ta ji. Ba wanda ya san sunan yarinyar, ba wanda ya san unguwarsu. Wata mata da na yanka wa 'ya'yanta ƙunzugu kyauta ta hango ni ta tsallaka titi. Wannan ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Na tsaya gaban mai albasa ina taya abin da ban da niyyar saya, don kawai idona ya bushe.

Auta yau ma tana gida. Ta fito za ta banɗaki na ga tafiyarta. Ciwon kai ba ya sa mutum irin wannan tafiyar. Na buɗe baki, sai na ji na ce ta sha magani ta kwanta.

Ni da nake bin mai gawayi da tambaya.

Alhamis, da safe

Baƙona na wata ya zo jiya. Yau da sassafe na wanke nawa a banɗaki, na matse, na sa a leda, na jefa a jaka, na yafa mayafi na fita. Sai da na kai wajen mai faci na tuna shago a rufe yake. Na tsaya a bakin titi da jaka tana ɗiga, kamar wadda aka aika ta manta saƙo.

Na dawo. Na dubi igiyar tsakar gida. Wandon makwabci a kai, shi kansa yana zaune ƙarƙashinta yana yanke farce. Na wuce ɗaki na rataye su a ƙusa bayan ƙofa, na ɗora zane a kai.

Juma'a, da hantsi

Ba su bushe ba. Saman ya yi kamar ya bushe, amma in ka matsa tsakiyar tawul ɗin sanyi ƙalau, ledar ta hana iska wucewa. Har wani wari-wari suka fara. A shago kafin la'asar sun yi ƙarau. Ga shi babu wuta balle in bi su da dutsen guga. Na ɗauki wasu busassu da na ajiye na sa, raina a ɓace.

Asabar, bayan la'asar

Zan rubuta wannan a hankali.

Na je duba Amarya, don tun da aka rufe shago ba a ji ɗuriyarta ba. Surukarta na zaune a tsakar gida kamar mai gadi, ta amsa gaisuwata da ƙyar, ta ce ai dama ɗinkin tsummokaran banza ba sana'a ba ce. Na haɗiye, na shige ɗaki. Amarya tana zaune a bakin gado, ba ta iya zama wuri ɗaya, ta gyara nan ta gyara can. Na ce lafiya? Ta sunkuyar da kai. Sai da na rufe ƙofa sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa:

«Yaya, abin yaran nan ne ya kama ni. Ina jin tsoron faɗa, kada a ce gaskiya ne kayanmu ne.»

Na ce shekara biyu tana sawa lafiya, me ya canza? Ta ce ba komai, yadin shi ne, sabulun shi ne. Na ce a ina take shanyawa? Ta dube ni kamar na tambaye ta abin da kowa ya sani.

«Da a shago mana. Yanzu kuwa ina zan kai? Ƙannen mijina suna tsakar gida.»

Ta duƙa ta jawo kwando daga ƙarƙashin gado, an kifa shi a kansu. Warin nan na bayan ƙofata ne ya bugo ni, sai dai nata ya fi.

Na zauna a ƙasa. Igiyar bayan shago. Ɗan fili ne da katanga ta zagaye, rana tana dukansa tun safe har yamma, namiji bai taɓa leƙawa ba. Kowaccenmu da safe za ta shigo da 'yar ledarta a jaka, ta wuce baya ta shanya, da yamma ta kwashe. Ba wadda ta taɓa cewa mu yi haka, ba wadda ta taɓa maganarsa, kamar yadda ba a maganar cire takalmi a bakin ƙofa. Shekara biyu muna bugun ƙirji mun gwada a jikinmu, ashe da igiyarmu muka gwada. Muka ba yara ƙunzugu, ba mu ba su igiyar ba. Da rani ko a ƙarƙashin gado abu zai bushe. Da damina fa?

Na ce wa Amarya ta sa mayafi mu tafi asibiti. Surukar ta tambayi ina zuwa, na ce rakiya za ta yi min, targaɗena ne ya tashi.

Lahadi, da hantsi

Na aiki Auta sayen gawayi, wajen mai nisan. Na shiga ɗakinta. Ban taɓa yi mata bincike ba, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Na ɗaga katifa.

Yadin mai furanni ne. Ni na yanka su, na gane hannuna a kunnuwan. Na mayar da katifar yadda take.

Lahadi, da yamma

Na rasa ta inda zan fara, sai na ce ta zo in tsefe mata kai. Magana ta fi sauƙi in ba a kallon juna. Ina tsifa na ce mata gobe za mu je wajen malamar asibiti, abin ba wani abu ba ne, kwana kaɗan ya wuce. Wuyanta ya sandare. Na ce tun yaushe? Ta ce tun watan jiya. Na ce me ya hana ta faɗa min? Ta ce ta ji ana cewa za a kwashe kekuna, in ta faɗa, 'yar mai yanka ma ta kamu, shi ke nan an gama da mu.

Nan haushi ya taso min, na kaina ne amma a kanta ya sauka. Na ce ba an koya muku a shanya a rana ba? Ba da bakinki kika maimaita ba har da tafi?

Ta ce, «Mama, ke a ina kike shanya naki? Ni tunda nake ban taɓa gani ba. Na ɗauka abin da ake faɗa a aji daban, abin da ake yi daban.»

Na ci gaba da tsifa. Da can ma kafin shago, lokacin tsumma, a bayan ƙofa nake ratayewa, kamar yadda ban taɓa ganin na mahaifiyata ba. Yarinya ta buɗe ido a gidan da wannan abu ba ya ganin rana, ta yi abin da ta gani. Na yi mata kitso biyu duk sun karkace.

Litinin, bayan azahar

An ba Auta magani. A hanya ta riƙe min jaka.

Talata, da yamma

Mun taru a gidan Uwar Shago na zayyana musu komai, ban da na Auta. Amarya da kanta ta ba da nata labarin, ido a ƙasa, kuma ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Rediyo ta ce ai abin mai sauƙi ne, a koma makaranta a sake gaya musu da babbar murya, a shanya a rana, kunyar me? Uwar Shago ta dube ta ta saman tabarau ta ce, «To ke fara. Gobe ki shanya naki a igiyar gidanku, mu zo mu gani.» Rediyo ta ce ita gidansu akwai almajiran mijinta masu koyon kafinta, nata daban ne. Kowa nata daban ne. Wanzami ba ya son jarfa.

Na ce ni zan gwada.

Laraba, da hantsi

Na gwada. Na fita da ɗaya sabo fil, wanda ba a taɓa sawa ba, na jiƙa na maƙala a igiya. Ga shi nan fari tas da furanni, kunnuwa biyu a buɗe, kamar yana kiran mutane su zo su gani. Makwabci ya fito ya yi gyaran murya, wataƙila ma majina ce ta dame shi, amma kafin ya kai famfo na fizge abin na cusa a zane. Ni ke nan, mai shekaru, mai sana'ar. Ina ga yarinya 'yar sha uku.

Sai na baje shi a gado na zauna ina kallonsa. Me ya sa ake gane shi? Siffarsa ce. Ni na fitar da siffar nan, ina ta alfahari ta yi kama da ta kanti. Na manta na kanti ba a shanya shi, jefarwa ake yi. Kuma me ya sa ba ya bushewa? Don mun haɗe komai wuri ɗaya mun ɗinke.

In ba za a iya cire wa mutane kunya a wata ɗaya ba, ai ana iya canza yanka.

Alhamis, da yamma

Yini na yi da almakashi da tsohuwar jarida. Ga abin da ya fito. Ƙyalle mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar hankici, shara-shara, mai duhun launi da zane a jiki. In za a sa, a ninka shi uku ya yi kauri. In an wanke, a warware shi, hankici ne kawai. Ledar kuma ta koma gida daban, siriri, da ɗan madauri biyu da za a zura ninkin a ciki. Shi ma na yanka shi da kusurwa huɗu na sa maɓalli a kusurwa biyu, in an baje shi sai ka rantse abin tare yawun jarirai ne.

Auta ta zauna kusa tana miƙo min allura. Ita ta ce kada a yi duka launi ɗaya, in duk 'yan makaranta suka shanya shuɗin hankici rana ɗaya, ko makaho ya gane. Wannan bai zo min ba ko kaɗan.

Asabar, bayan la'asar

Uwar Shago ta cire kwaɗo, na yini ɗaya. Jin ƙarar keken Amarya ya sa na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Muka ɗinka kaɗan daga guntayen yadi kala-kala. Na jiƙa tsoho da sabo na rataye su a cikin ɗaki, inda babu rana, don mu ga mafi munin hali. Kafin mu tashi sabon ya bushe, tsohon yana nan da ruwansa.

Rediyo kuwa ta ce ita gwajinta daban. Ta ɗaura igiya a gaban shago, a kan titi, ta jera su, ta ɗauko kujera ta zauna. Mutane suna ta wucewa ba mai waiwaye. Can wani dattijo mai keke ya tsaya, ya shafa ɗaya, ya ce nawa hankicin? Rediyo ko gezau, ta ce wannan an riga an yi odarsa, na manyan mata ne. Ya ce to a yi masa irinsa guda biyu. Yana juya baya muka zube, Uwar Shago har da riƙe ciki.

Talata, da hantsi

Mun je makaranta, ni da Uwar Shago da malamar asibiti. Shugabar ta saurara, ta ninka ƙyallen ta warware, ta sake ninkawa. Ta ce ta ji, amma ita ta sha zagin iyaye ba mu ba, ba za ta sake raba wa makaranta duka ba sai ta gani. Aji ɗaya za ta ba mu, waɗanda iyayensu suka yarda, har ƙarshen damina. Matar ƙungiya, da aka kira ta a waya, ta ce to za ta bar kekuna zuwa lokacin, daga nan a sake zama. Ba yadda muka so ba ne, amma da babu gara ba daɗi.

Na tambayi shugabar labarin yarinyar da aka ce tana babban asibiti. Ta ce ita ma a bakin mutane ta ji. Malamar asibiti ta ce wata yarinya dai ta daina zuwa karɓar magani, ba ta san dalili ba. Ban sani ba ko ita ce, ko ma akwai ta. Tana yawan faɗo min a rai in ina yanka.

Alhamis, da yamma

Baƙon Auta ya zo. Na wanke mata sababbin na shanya a igiyar tsakar gida tsakanin riguna, ita tana leƙe ta labule. Ba wanda ya kalla.

Juma'a, da magariba

Mun koma aiki, ina shago hadari ya haɗo. Na taho da gudu-gudu saboda shanya, na tarar maigida ya riga ni dawowa ya kwashe komai. Yana zaune a bakin gado yana ninke kaya, abin da yake yi sau ɗaya a shekara. Gabana ya faɗi da na ga ƙyallayen a cinyarsa, na ce yanzu zai ɗauki ɗaya ya share wuya. Auta tana bakin ƙofa da tsintsiya, ta daskare.

Ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu, ya ware biyu gefe. Bai ɗago kai ba ya ce:

«Waɗannan biyun na Auta ba su gama bushewa ba. Gobe a sake fitar da su, kada ta sa su haka.»

Auta ta saki tsintsiya ta shige ɗakinta. Ni kuwa na ce wa ya gaya masa ko mene ne? Ya ce kwana nawa yana barci da jarida da guntayen yadi a gado, direba ne shi ba makaho ba. Na ce to da can fa?

«Shekara biyu ina ganin jakarki tana ɗiga a hanyar shago. Na ɗauka ke ce ba ki son a sani, shi ya sa ban sani ba.»

Kunya ta kama ni, dariya ta kama ni. Shekarun nan duka ina ɓoye wa mutumin da ke taya ni ɓoyewa. Na ce masa ninkin rigar nan bai yi ba, na karɓe na sake.

Asabar, da safe

Na tashi na ji ana buga ƙusa. Ya ɗaura sabuwar igiya daga tagarmu zuwa katanga, ta gefen da rana ke fara sauka ta kuma daɗe. Makwabci ya tambaye shi ta mece ce, ya ce ta matan gidansa ce, ya ɗauki makullin mota ya fita.

Auta ta fito da biyun nan a hannu, ba a cikin zane ba. Ta shanya, ta sa maƙali, ta tsaya ta gyara musu zama, sannan ta ɗauki jakarta ta tafi darasin Asabar da tafiyarta ta da.

Na shiga ɗaki na ɗauko nawa daga ƙusar bayan ƙofa, tsofaffin, masu kunnuwa da furanni, na sake wanke su a bakin famfo. Makwabci yana nan zaune da rediyonsa. Na shanya su kusa da nata. In ta dawo za ta gani.